Abinyon, garin da sarauniya ta sayar wa Paparoma

Daga Liyon ta ƙasar Faransa muka taso da sassafe, ni da ƙanena da ke karatu a can. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya ɗauke mu kamar awa ɗaya zuwa kudu, ya sauke mu a tashar da ke bayan gari, sai wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da mu bakin ganuwar Abinyon. Ganuwar tana nan tsaye, ta dutse, ta zagaye tsohon garin fiye da kilomita huɗu. Muna shiga ƙofa wata iska mai sanyi ta mare mu, ita ce mistiral da take gangarowa ta kwarin Kogin Ron. Na ja hulata na danne, muka miƙe hanyar fada.

Fadar Paparoma ta fi kama da sansanin yaƙi a kan gidan ibada. Bango ne mai kauri da hasumiyoyi, tagogi ƙanana a can sama. Paparoma bakwai suka yi mulkin cocin Katolika daga wannan gari maimakon Roma tsakanin 1309 da 1377, dukansu Faransawa, kafin kujerar ta koma Roma. Benedict na 12 ne ya fara ginin, Clement na 6 ya ƙara masa girma da ado. Mun ga madafa mai dogon bututun hayaƙi, da zauren liyafa, da ɗakin da aka zana mafarauta da masunta a bangonsa. Inda na fi daɗewa shi ne baitulmali, wurin da aka haƙa ramuka a ƙarƙashin duwatsun daɓe don ɓoye zinariya da takardu. Ina tsaye a bakin ramin nan sai Sarauniya Joanna ta Napoli ta faɗo mini a rai.

Garin nata ne tun asali, domin ita ce kuma mai mulkin yankin Provence. An kashe mijinta Andrew a 1345, yayansa Sarki Louis na Hungary ya zarge ta, ya kawo yaƙi Napoli. Ta gudo nan a 1348, shekarar da annoba take cin mutane, tana neman kuɗi da kariya. Sai ta sayar wa Clement na 6 garin a kan kuɗin zinariya fulorin 80,000.

Da yamma muka hau gadar Saint-Bénézet, wadda ta tsaya a tsakiyar ruwa ba ta kai wancan hayi ba, baka huɗu kawai suka rage mata. Daga ƙarshenta ana hango hasumiyar da Sarki Philip na 4 ya gina a ɗaya gaɓar. A wancan zamani nan ƙasar Paparoma, can ƙasar sarkin Faransa, ruwa kaɗai ya raba. Wannan Philip ɗin ne mutanensa suka kama Paparoma Boniface na 8 a Anagni a 1303. Duk wanda ya zauna a fadar nan, idan ya leƙa ta taga zai ga hasumiyar.

Ƙanena ya ce, "Yaya, to da ba su koma Roma ba fa?"

Na ce masa ni ba komawar ce ta fi damuna ba, inda ajali ya riski mai komawar ne. Gregory na 11, na ƙarshe cikin bakwai ɗin, ya shiga Roma a watan Janairun 1377, ya rasu a can a watan Maris na 1378. Ka'ida a wancan zamani ita ce a yi zaɓe a inda Paparoma ya mutu. Kadinal, wato manyan limaman da ke zaɓen Paparoma, su 16 suka shiga zaɓen, 11 Faransawa ne, jama'ar Roma kuma suka cika waje suna ihun sai Baroma ko aƙalla ɗan Italiya. Aka zaɓi Urban na 6. Ya fito da zafin rai, ya shiga zagin waɗanda suka naɗa shi. Kafin watan Satumba ya ƙare suka taru a Fondi suka ce tsoro ne ya sa su, suka naɗa Clement na 7, wanda ya dawo nan Abinyon. Sarki biyu a gari ɗaya. Faransa da Sukotlan suka bi na Abinyon, daga baya Kastil da Aragon ma. Ingila da Hungary da Poland suka bi na Roma, kowa yana duba inda abokin gabansa ya tsaya kafin ya zaɓi alƙiblarsa.

Na ce masa ya ƙaddara Gregory ya juyo gida kafin ciwo ya kwantar da shi, ya cika a ɗaya daga ɗakunan da muka zaga da safe. Kadinal shida ma dama suna nan ba su bi shi ba. Da an yi zaɓe a bayan wannan bango mai kauri, babu taron da zai tsorata kowa, babu hujjar soke zaɓe. Da an samu Bafaranshe na takwas, Ingila ta yi ta ƙorafi, amma da wuya a yi rabuwar shekara 39 da sai a babban taron coci na garin Konstans aka ɗinke ta da zaɓen Martin na 5 a 1417.

Joanna ce na fi yi wa wannan lissafi. Ta bi Clement na 7, sai Urban ya tsige ta ya ba ɗan'uwanta Charles na Durazzo sarautar. Ba ta da magaji a raye, sai ta ɗauki Louis na Anjou, ƙanen sarkin Faransa, a matsayin ɗa a 1380 don ya kawo mata ɗauki. Bai iso da wuri ba. Aka kama ta, aka kashe ta a tsare a 1382. Amma takardar gadon ba ta mutu da ita ba. Ta bi gidan Anjou har ta koma hannun sarakunan Faransa, kuma da ita Charles na 8 ya kafa hujja ya tsallaka Italiya da rundunarsa a 1494, aka buɗe yaƙe-yaƙen da suka ci sama da shekara sittin. Tausayinta ya kama ni sosai a kan gadar nan.

Ƙanena bai yarda duka ba. Ya ce Charles na Durazzo yana kwaɗayin kujerar ko da Urban ko babu shi, kuma Faransa za ta samo wata hujja. Na ba shi gaskiya a kan na farko, na ƙi a kan na biyu, domin sarakunan wancan zamani ba sa tara runduna sai da takardar da za su nuna.

Washegari muka tsallaka ta sabuwar gada zuwa Villeneuve, garin da ke ɗaya gaɓar, muka hau hasumiyar Philip. Daga samanta fadar duka tana tafin hannu, har ƙofar da muka shiga jiya. Iskar ta lafa, muka zauna a kan dutse muka ci burodi da zaitun, muna ci gaba da gardamar Joanna har lokacin jirgi ya matso.