Wasiƙa daga Ingila: Abin da ke bayan sa hannun injiniyan gini

Assalamu alaikum jama'ar Gombe, iyaye da 'yan uwa. Muna gaishe ku daga Ingila, da fatan kowa na lafiya.

Yadda benaye ke tashi a Gombe, musamman wajen Tumfure, shi ya sa muka ɗauki alƙalami a kan mutumin da ake sallama da zarar ya miƙa zane, wato injiniyan da ke lissafin ƙarfin gini. Mai zanen gida ne ke tsara ɗakuna. Wannan kuwa shi ke faɗin kaurin rodi, girman ginshiƙi da zurfin tushe.

Kafin ya kai babba an sha tafiya. Shekara 5 a jami'a irin ta Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, sannan aƙalla shekara 4 yana aiki ƙarƙashin manya kafin COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta yi masa rajista. A nan Ingila, jarrabawar IStructE, ƙungiyar injiniyoyin ƙarfin gini, awa 7 ce a rana ɗaya. In ya girma a aikin, zane ya koma hannun yara, nasa shi ne duba lissafinsu, ya buga hatimi, ya ɗauki alhaki.

To, a filin gini ake ɓata masa aiki. Ku ɗauki barandar bene da ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Rodinta a sama yake aiki, domin nan ne kankare ke son tsagewa. Ranar zuba dakin, wato kankaren daɓen bene, leburori na gudu da kwano a ka, su tattake rodin ya kwanta ƙasa, kankare ya rufe, ba wanda ya gani. Ranar da aka cire katako sai ta sunkuya. Maganin ba tsada: kujerun rodi, wato 'yan ƙarafan da ke tallafe shi a ƙarƙashi, da faifan katako da za a bi ta kai.

Haka kwaɓin 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhun simintin Ashaka ɗaya mai kilo 50, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8, ruwa wajen lita 25. Mai kwaɓi yakan ƙara ruwa don shebur ya yi masa sauƙi, kuma da ruwan nan ƙarfin ke tafiya. Bayan an zuba, a riƙa shayar da shi aƙalla kwana 7, balle da zafinmu. Kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, don haka mai gaggawar cire turaku a kwana 10 don ya kai wani aikin, a hana shi.

Ƙasa ma da nata. Inda baƙar laka take, tana kumbura da damina ta tsage da rani, ta ɗaga tushe ta sauke. Fili kusa da kwari kuwa zaizaya na jiransa. A gwada ƙasar kafin a haƙa.

A gida, iyalin injiniya sun san ranar zuba dakin ba ta biki ba ce, tunda in an fara da asuba ba a tsayawa sai an kai gaɓar da aka tsara. Ga dangi masu neman zane kyauta, ga Alhajin da zai kira da dare ya ce, "Injiniya, a ƙara hawa ɗaya mana, ai tushen zai ɗauka." Amsar nan ba a ba da ita a waya. Sai an buɗe tsohon lissafi, an tona gefen tushe an ga abin da aka binne a zahiri.