Jak biyu a hannu

Ƙanena ne ya shigo mana da wasan foka lokacin da ya dawo daga karatu a ƙasar waje, kuma tun ranar farko muka yi yarjejeniya cewa ba za a sa ko sisin kwabo ba, domin caca haramun ce kuma ba abin da mutumin kirki zai yarda a same shi a ciki ba ne a Katsina. Mu tara ne muke zama a soron wani gida a Ƙofar Ƙaura bayan sallar isha'i ranar Asabar, ana raba wa kowa kwabban roba na 5,000, zubin dole, wato kwabban da mutum biyu suke zubawa kafin a raba kati, ɗaya ƙarami ɗaya babba, yana hauhawa duk bayan minti 15, wanda nasa suka ƙare kuma ya koma ɗan kallo. Irin wasan da muke yi shi ne Texas Hold'em, inda ake ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku a tare, waɗanda ake kira fulof, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Ni malamin lissafi ne, saboda haka na ɗauka wasan ba zai ba ni wuya ba, amma na shafe kusan shekara guda jak biyu, wato kati biyu masu harafin J, suna kunyata ni.

Wannan hannu ba ya zuwa sai kamar sau ɗaya a cikin rabo 221, kuma tagwayen A da na K da na Q ne kaɗai suke gabansa kafin a buɗe komai. Shi ya sa idan mutum ya ɗaga gefen katinsa ya ga J biyu sai ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Sai dai sarautar irin ta hakimi ce, wanda a ƙasarsa kowa yake faɗuwa ya gaishe shi, amma ranar hawan Salla a Ƙofar Soro shi ma gaisuwa yake kawowa. Akwai kati 12 da suka fi jak girma a cikin 50 da ban gani ba, kuma da na zauna da biro na lissafa sai na tarar kashi 57 cikin 100 na lokuta aƙalla ɗaya daga cikinsu zai fito a fulof, idan kuma aka je har kati na biyar adadin ya kai kusan 76. Samun jak na uku a fulof kuwa bai kai kashi 12 ba.

Kuskurena na farko shi ne laɓe. Ina daga cikin masu fara magana a wani zagaye, na bi zubin dole kawai ba tare da na ƙara ba, wai don kada a gane ƙarfina, sai mutum biyar suka shigo da arha. Fulof ya fito da K da 9 da 4. Na san a cikin mutum biyar da wuya a rasa mai K, amma zuciyata ta ƙi rabuwa da katin, na yi ta bi har na bayar da fiye da rabin kwabbaina ga wanda yake riƙe da K da 7, hannun da da na ƙara zubi tun farko ko kallonsa ba zai yi ba.

Daga nan, garin gudun gara na faɗa wa zago. Na yanke cewa duk ranar da jak biyu suka zo zan tura dukan abin da ke gabana, in huta da fargabar fulof. Na yi haka a farkon wata gasa ina da ninki 60 na babban zubin dole, kuma ƙanena ya bi ni da Q biyu ba tare da ya yi dogon tunani ba. Da muke hanyar gida ya ce mini, "Yaya, kai da kake koyar da lissafi, wa kake tsammani zai bi ka idan ka tura wannan tulin?" Tambayar ta hana ni barci. Mai 8 biyu ko A da 10 zai yar da katinsa ne, in kwashe ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda zai bi ni shi ne mai tagwayen da suka fi nawa, waɗanda suke zuwa ta hanya 18 kuma rabona a gabansu bai kai kashi 20 ba, ko mai A da K, da ke zuwa ta hanya 16, inda nake da rinjaye kaɗan, tsakanin 54 da 57. Idan aka haɗa su duka, kusan kashi 36 ne nawa. A gasarmu kuma ba a sake karɓar kwabbai, wanda ya faɗi ya tafi ke nan.

Abin da nake yi yanzu ya dogara ne da yawan kwabbaina da kuma wurin zamana. Idan ina da yawa, nakan ƙara zubi ninki biyu da rabi ko uku na babban zubin dole domin in rage jama'a zuwa mutum ɗaya ko biyu, kuma nakan yanke shawarar abin da zan yi idan aka ƙara a kaina tun kafin hannuna ya taɓa kwabbai. Fitowar Q ɗaya a gaban abokin karawa ɗaya ba ta firgita ni kamar da, domin sau da yawa shi ma bai dace da ita ba. Amma akwai wani dattijo a cikinmu da ba ya ƙara zubi sai da dalili, kuma ranar da ya ƙara a kan ƙarina, wani ma ya tura duka, na ajiye jak biyu a rufe. Ya dube ni ya ce, "Malam, yau ka ji tsoro ke nan?" Na ce masa, "Alhaji, girmanka ne." K biyu ya buɗe.

Idan kwabbai suka yi ƙasa kuwa, babu sauran jan ƙafa. A Asabar ɗin da ta wuce mun rage mu huɗu, ina da ninki 11 kacal na babban zubin dole, jak biyu suka zo, na tura duka. Ƙanena ya bi da A da Q, wato ni ne a gaba da ɗan rinjaye. Fulof ya fito da 3 da 8 da 10, kati na huɗu 2 ne, har na fara miƙa hannu wajen tulin, sai na biyar ya zo A. Na tura masa kwabban, na karɓi katin na ci gaba da raba wa sauran ukun har aka tashi.