Yadda munka raba hangen gaba da manufa a ƙungiyarmu

Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nan Maradi, to duk wani rubutu kaina yake faɗowa. Wata ONG, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, ta ce mu kawo dosiye in muna son tallafi, cikin takardun akwai gurbi biyu, ɗaya na hangen gaba ɗaya na manufa. Matanmu sunka ce ai duk kanwar ja ce, a rubuta "ci gaban mata" sama da ƙasa a huta.

Hajiya shugabarmu ba ta yi lakkol ba amma akwai kai. Ta ce min, "ɗiyata, tambaye su abu biyu. In Allah ya dafa mana, mi jikokinmu za su tarar a unguwar nan? Sannan gobe da safe mi za mu tashi mu yi?"

Amsar farko ita ta zama hangen gabanmu: kowace mace a unguwa tana da jarinta, ba mai cire ɗiyarta daga karatu don talla. Ba rana, ba kuɗi ciki, ƙila ma ba mu ne za mu gani ba. Ta biyun ita ce manufa, kuma nan ne munka sha gardama har la'asar, don sai an faɗi wa ake yi wa aikin, wane aiki ne, ta wace hanya. Munka tsaya kan cewa muna sayen gyaɗa da kaka tana araha, mu aje, mu tatsi mai mu soya ƙuli, mu saida tare, riba ta shiga asusu a riƙa ba 'yan ƙungiya rance. Ku dubi tsarin asusu na Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta faro a jihar Maradi a 1991, burin babba ne amma aikin zubi ne duk sati cikin akwati da ba da bashi, shi ya sa ko tsohuwa ta gane shi.

Amfanin manufa sai daga baya na gan shi. Wani ya zo da porje na kiwon awaki, da kuɗinsa, wallahi sai da ran wasu ya biya. In hangen gaba za a duba ai awaki ma jari ne, komi yana shiga ciki. Manufa ce ta ba mu bakin cewa a'a, ba mu da garke ba mu da harawa, gyaɗa munka sani.

Kuma manufa tana taɓuwa. Shekarar da gyaɗa ta yi tsada mun kira babban taro munka ƙara riɗi, hangen gaban ko wasali ba a canza ba. Abu ɗaya dai, ku daidaita manufarku da abin da kunka rubuta cikin dokokin ƙungiya lokacin neman izini, don dokar ƙungiyoyi ta 1984 tana son a bayyana aikin ƙungiya, masu tallafi kuma suna gwama takardun biyu su karanta.