Bidiyon bikin Auta

Yau Asabar, kuma tun asuba kuran bai ɗauke ba, shi ya sa na tashi da fara'a. Shago ma bai riƙe ni ba. Ɗalibai biyu ne suka zo daga jami'a, ɗaya na buga masa shafukan ƙarshe na kundinsa, ɗayar na gyara mata lambobin shafi da suka rikice a Word, kafin azahar na ja ƙofa. Na biya babbar kasuwa na sayi wayar HDMI mai mita uku, don kwamfuta ta zauna bisa tebur, hoto ya fito a telen ɗakin Inna ba sai an ɗaga komai ba. Tun da aka watse bikin Auta Inna take tambayar bidiyonsa. Kun san uwa ba ta raka ɗiyarta ɗaki, duk abin da aka yi a Tasawa labari kawai ta ji, wanda aka yi a gida ma rabinsa tana ƙuryar ɗaki tana amsa gaisuwa.

Maman yara ta soya gyaɗa, aka ɗora shayi, Gwaggo ta taso tun daga Mokoyo a adaidaita, yara suka shimfiɗa tabarmi.

Abin da ke hannuna shi ne wanda mai kamara ya tura wa ango a WhatsApp, ango ya tura wa Auta, Auta ta saka a zauren dangi, ni kuma na sauke daga can. Guntu biyar. A fuskar waya ba shi da aibu. Da ya hau tele mai inci 43 sai fuskoki suka narke, kamar an watsa ruwa a allon da tawadarsa ba ta bushe ba. Muddin mutum na tsaye cak ana iya gane shi, da ya motsa sai ya tarwatse. Wurin guɗa da rawa kuwa launi ne kawai ke kai da kawo.

Inna ta matso har gaban tele, ta gyara tabarau.

"Mai sunan Malam, wace ce waccan mai jan mayafi?"

"Gwaggo ce, Inna."

Gwaggo na zaune kusa da ita da gyaɗa a hannu. Ta ce, "Ni? Wallahi ban gane kaina ba." Ɗaki ya ɗauki dariya. Inna ta koma ta zauna, ta cire tabarau ta ninke, ta ce a bar shi ya yi ta tafiya, ko muryoyin ta ji. Maganar nan ce ta tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutun nan.

Na danna Ctrl da J a VLC, manhajar kallon bidiyo, in ga bayanin fayil ɗin. Girman hoton 640 a 352. Kamarar da na ga yaron nan yana yawo da ita ranar biki tana ɗaukar 1920 a 1080. In ka lissafa, wajen kashi ɗaya cikin tara na hoton ne ya iso gidanmu, shi ma an matse shi. Ba laifin manhaja ba ne, haka aka gina ta: in ka tura bidiyo a matsayin bidiyo tana rage shi don ya wuce da sauri, kuma mai ƙaramin intanet ya iya saukewa. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, na ainihi yana wurin mai kamara, yanzu zan karɓo. Na hau babur na nufi unguwar Zariya da kile, ɗan abin ajiye fayil na USB, mai giga 32 a aljihu, har ina tunanin kafin shayi na uku na dawo.

Na same shi yana montaj, wato yanka bidiyo da haɗa shi, fanka na kaɗa masa kwamfuta don zafi. Yaro ne mai ladabi, ya tashi ya ba ni kujerarsa. Bayan gaisuwa na miƙa masa kile na ce ya zuba mini bikinmu.

Ya dubi kile, ya dube ni.

"Yaya, ai na tura muku."

"Ka tura wanda aka matse. Na ainihin nake so, wanda ka gama montaj ka fitar."

"Wanga ai na goge shi tuni."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce ka goge me? Ya jawo dis-dur ɗinsa, diskin da yake ajiye aiki a ciki, daga bayan kwamfuta, baƙi, an ɗaure bakin wayarsa da roba, ya aje mini a gaba. Tera ɗaya ne, in ji shi. Biki ɗaya, in an haɗa kamu da ɗaurin aure da kai amarya, yana cin giga talatin ko arba'in kafin a yanke. Bayan Sallah kuma kusan kowane ƙarshen mako yana da aiki. Wata guda yake ajiye na mutum, in ba a zo ba sai ya share ya zuba na gaba.

"To me ya hana ka kira ni kafin ka share?"

"Yaya, wallahi ba wanda ke zuwa karɓa. Mutane na waya suke so, wanda za su saka a status ranar nan take. In na ce a kawo kile sai a ce in turo kawai. Kai ne na farko bana."

Na yarda da shi, domin na san mutanenmu. Amma jikka arba'in muka biya, kuma ba don hoton da zai yi kwana ɗaya a status ya ɓace muka biya ba. Na faɗa masa haka, muryata ta ɗan tashi, har abokin aikinsa ya cire abin kunne ya juyo. Na ce ƙanena, auren nan sau ɗaya za a yi shi in Allah ya yarda. Kaka ta fito daga Tibiri, matar da ko ƙofar gida ba ta cika zuwa ba yanzu, ta tashi ta taka rawa don jikarta. Kai ka ɗauka, kai kaɗai ke da shi a duniya, ka danna ka share don ka samu wurin na wasu.

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce shi ma da yana ba da kile, ya daina ne don wahalar ta yi yawa. Sau da dama zai zuba fim a kile sabo fil mai giga 32, kwamfuta ta ce fayil ya yi girma, alhali babu komai a ciki. Ya ɗauka jabun kile ne suka cika kasuwa. Wanda ya shiga kuma, sai a kira shi da dare a ce tele ta ƙi karantawa, ko murya na fita babu hoto, a zage shi a ce ya cuce su.

A nan fushina ya koma wani abu dabam, don matsalolin nan biyu ba su kai minti goma ba a warware. Ƙananan kile yawanci da tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, ko da sauran wuri ya kai nawa. A sake masa tsari zuwa exFAT ko NTFS, shi ke nan, sai dai a gwada wanda telen mutum ke ganewa, don tsofaffin tele sun fi sabawa da FAT32 da NTFS. Na biyun kuma, na leƙa manhajar montaj ɗinsa na ga da H.265, wani tsarin matse bidiyo, yake fitar da aiki saboda ya fi ƙanƙanta. Tsofaffin tele da yawa ba su san shi ba, H.264 suka sani. In ya fitar da H.264 a MP4, ko ya juya wanda ya riga ya yi da manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, kusan kowace tele za ta karɓa. Ko a WhatsApp ɗin ma, in ya tura a matsayin takarda maimakon bidiyo, ba a taɓa ingancinsa, kuma tun 2022 ana iya tura har giga 2. Ya ce kuɗin intanet fa? Na ce wannan gaskiyarka ce, a sa shi cikin kuɗin aiki, mai biki ya sani tun farko.

Yaron nan ya iya riƙe kamara, ya iya bin haske, na ga yadda yake yanka hoto daidai bugun kalangu. Wurin wani ya koya, wanda shi ma wurin wani ya koya, kuma a duk jerin babu wanda ya taɓa ce masa ga dalilin da kile ke ƙin fayil. Ya rubuta abin da na faɗa a bayan wani katin gayyata. Ni kuma ina zaune ina tunanin gidaje nawa ne a Maradi bikinsu ya bi ta hannunsa ya ƙare a 640 a 352, kuma ba su sani ba, don ba su taɓa ɗora shi a babban allo ba.

Na roƙe shi ya ba ni aron dis-dur ɗin zuwa safiya. Ya yi jim, don duk jarinsa ke nan, sannan ya naɗe shi a leda ya ba ni. Katin kamarar kam ba a maganarsa, an sha cika shi tun daga lokacin.

Da na dawo an watse. Gwaggo ta tafi, shayi ya huce. Inna ta tambaya da ido, na ce ana kan aiki.

Bayan isha'i na haɗa dis-dur na saki PhotoRec, manhajar tono fayilolin da aka goge, a kansa, na nuna mata ta zuba abin da ta samu a nawa diskin, don ba a mayar da abin da aka tono inda aka tono shi. Wanda bai sani ba: in an share fayil, sunansa ne ake cirewa daga jeri, a ce wurinsa ya zama fili. Shi kansa yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a bisansa. Matsalar ita ce yaron ya yi ta rubutawa. Abin da ke fitowa ba shi da suna, harafin f ne da lambobi, sai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Bikin wasu, sunan wasu, walimar saukar Alƙur'ani ta wata makaranta. Da na ga ba namu ba ne nake rufewa da sauri, matan mutane ne a cikin gidajensu, ba a ɗauka don idona ba. Da safe zan share su duka daga wurina.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na faɗa kan namu. Guntu ɗaya, bai kai minti ɗaya ba. Auta ce zaune an lulluɓe ta, hannunta a waje, ana ganin zanen lalle layi-layi har inda ya ɗan goge a gefen babban yatsa. Ana ganin zaren aikin da ke bakin mayafin. Hannun Kaka ya shigo ya dafa kanta, da zoben azurfar nan nata da ya lotse. Daga nan hoto ya daskare, VLC ta yi ta ƙoƙari, sauran ya lalace. Na kira maman yara ta gani, ta rufe baki da hannu. Ashe haka duk awa biyun take. Da ban ga wannan ba, wataƙila da na haƙura da wancan.

Kaset ɗin bikin Yaya yana nan a akwatin Inna cikin leda, tun shekarun 1990. Babu na'urar kallonsa a gidan, kamfanin ƙarshe da ke ƙera irinta, Funai na Japan, ya daina tun 2016. Amma kaset ɗin yana hannunmu, ranar da na samu mai tsohuwar na'ura da ke aiki zan iya juye shi a kwamfuta, Baba na ciki da babbar rigarsa. Na Auta ko shekara bai yi ba, da kamarar da ta ninka waccan kyau, ga shi ina tsintar sa guntu-guntu a cikin bukukuwan mutane. Shekara ashirin nan gaba ƴaƴanta za su ce a nuna musu, wayar da ke ɗauke da zauren dangi ta daɗe da mutuwa, lambar ma wataƙila ta canza hannu. Raina ya ɓaci da yaron, ya ɓaci da mu duka da muka ga saƙo ya shigo muka ce Alhamdu lillahi an samu.

Kawu ya kira ana cikin haka, wai kwamfutarsa na ta nuna masa saƙo kan Windows 10. Na ce tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina aiko mata gyaran tsaro na kowa da kowa, amma ba mutuwa za ta yi ba, kar ya saya komai, ya kawo ta Litinin mu duba.

Tuwon ya yi sanyi kafin in ci. Yara sun so kallon ƙwallo, na bar musu tele, ni ina gefe da nawa allon.

PhotoRec ta ce saura awoyi. In kuran ya ɗauke cikin dare, batirin da ke riƙe kwamfutar ba zai kai ko'ina ba, kuma dole in mayar da dis-dur kafin ƙarfe tara, yaron yana da aiki a Madarunfa. Kilen da na je da shi ɗazu na sake masa tsari, zan ba shi ya tafi da shi, ya zuba wa mutanen can nasu cikakke ya miƙa musu a hannu.

Na rubuta a zauren dangi cewa duk wanda ya ɗauki wani abu da wayarsa ranar biki kar ya share, kuma kar ya turo, ni zan bi gida-gida in kwashe ta waya kai tsaye. Mutum biyu suka amsa. Ɗiyar Gwaggo tana da rawar Kaka tun daga farko har ƙarshe, in ji ta, amma wayar ta cika, tana shirin ragewa. Na ce ta yi wa Allah kar ta taɓa komai, gobe daga Zariya gidansu zan wuce.