Birkin da na miƙa wa ɗan jari bola

Har yau in na ji ɗan jari bola yana tura baronsa ta layinmu a Tudun Wada sai raina ya sosu. Ba shi da laifin komai, ni na kira shi, ni na miƙa masa da hannuna.

Keken na kawuna ne, irin na hawan dutse da aka ƙera a farkon shekarun 1990, jikin ƙarfe, taya inci 26, giya 21. Ya fi shekara goma a jingine a zaure kafin ya ce in ɗauka. Sarƙa da taya da tub duk na canza a yini ɗaya. Birki ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Irin na da ne da ake kira kantileba: gajerun hannuwa biyu a gefen rim, 'yar waya ta haɗa su ta saman taya, babbar waya tana ɗaga ta daga tsakiya. In na matse sai ya ɗauki kuka har yaran layi su juyo, keken kuwa yana tafiyarsa.

Na ce tsufa ne. Na je kasuwar Panteka na sayo birkin V, mai dogayen hannuwa biyu, wanda Shimano ta fito da shi a 1996, shi ne kuma ake gani a yawancin kekunan gwanjo yanzu. Da na gwada sai ya zauna daram a mazaunin tsohon, domin mazauninsu iri ɗaya ne. Wannan zaman ne ya yaudare ni. Kafin la'asar na tattara tsohon birkin gaba da baya, da sifirin ɗinsa da notuna, na zuba a baron yaron nan. Ko kuɗin ruwan leda ban karɓa ba.

Hannun birkin da ake matsawa a kan keke kuwa ban taɓa shi ba, tunda lafiyarsa ƙalau.

Tun a ranar na ji alama. In na matse sai hannun ya yi laushi kamar ana matsa burodi. Na ja waya na matso da takalman birkin, wato robobin da ke kama rim, kusa da shi, sai suka riƙa goga. Na sassauta, laushin ya dawo. Na bar shi a tsakiya na ce zai saba. Ƙarfe ne fa, me zai saba da shi?

Kwana huɗu bayan nan, an yi ruwa da asuba, ina saukowa wani ɗan gangare a hanyata ta zuwa Unguwar Rimi, mai Keke Napep ya tsaya a gabana ɗaukar fasinja. Na matse duka biyun, hannun ya tafi har ya manne da robar da ake riƙewa, babu sauran wurin matsawa. Na daki bayansa. Allah ya taƙaita, gwiwa ce kawai ta goge, amma rim ɗin gaba ya lanƙwashe.

Wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu na kai wa. Ya matsa hannun sau ɗaya ya dube ni.

"Ɗana, wa ya haɗa maka wannan auren?"

"Ni ne, Baba."

"Ina na asalin?"

Na gaya masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya yi mini bayani. Hannun kantileba waya kaɗan yake ja, birkin V kuma yana son a ja masa kusan ninki biyu. In ka haɗa su, hannun zai ƙare tafiyarsa kafin takalmi ya kama rim da kyau, balle rim ya jiƙe. Ko dai ka canza hannun ma, ko ka bar kowa da abokinsa. Nawa kuwa a haɗe yake da makunnin giya, canza shi sai an canza duka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce wanda na zubar ɗin da wuya in wani abu ya same shi. Robar takalmi ce ta bushe ta zama kamar dutse, waya ta yi tsatsa a cikin rigarta, shi ke nan. Takalmi huɗu da waya biyu. A kan wannan na ba da birkin da ya fi shekara talatin bai karye ba.

Sai da na yi sati uku ina zarya Panteka kafin na samu kantileba, na gaba daban, na baya daban. A gaban Baba na ɗaura. Ya sa na goge mazaunin da samfefa na shafa giris kaɗan, na sa bakin sifirin a rami na tsakiya cikin ramuka ukun da ke jikin mazaunin, dama da hagu iri ɗaya. Ya sauke 'yar wayar nan ta matso kusa da taya, ya ce in ta yi sama da yawa birki ba ya ƙarfi. Kukan kuma da guntun kwali ya kashe shi: ya saƙala a bayan takalmi kafin ya ɗaure noti, don gaban takalmin ya riga taɓa rim da kamar milimita ɗaya. Ya ce in riƙa cire yashin da ke maƙalewa a roba bayan ruwa, don shi ke cinye gefen rim, kuma kada baƙin mai ya kusanci wurin.

Yanzu da yatsu biyu nake tsayar da shi. Na gaba fari ne, na baya baƙi, duk wanda ya san keke sai ya tambaya, kawu ma ya tambaya. Na ce masa labarin da tsawo. Birkin V ɗin yana cikin leda a ƙarƙashin gado, ɗan jari bolan kuwa ya leƙo sau biyu yana tambaya ko akwai sauran ƙarfe.