Kek ɗin cakulan na Faransa a kicin ɗina

Alhamdulillah yau dai na gasa kek ɗin nan na Faransa, fondant au chocolat, wanda in ka tsaga shi da cokali cakulan ke malalowa daga ciki. Ashe kayan biyar ne kacal, cakulan baƙi giram 200, bota giram 100, ƙwai 4, sukari, sai fulawa 'yar kaɗan. Na narkar da cakulan da bota a kwano bisa ruwan zafi, don in wuta ta taɓa shi kai tsaye ƙonewa yake. Sirrin duk a lokaci yake wallahi, digiri 200, minti 10, na farko na ƙara masa minti biyar cikin ya daskare. Na biyun kam Mama har cewa ta yi gobe a sake.