Ashe bakteriya ma iri-iri ne

Yau a lab aka sa mu shafa wa bakteriya kala mu duba a madubin likita, gaskiya abin ya burge ni sosai. Da farko ba ka ganin komai sai ɗige-ɗige, kana gyara madubin kawai sai ga su nan birjik, wasu zagayayyu sun jeru kamar sarƙa, wasu sun cure wuri guda, wasu dogaye, wai har da masu murɗewa amma su ba mu samu ba.

Inda ya fi kama ni shi ne rinin Gram ɗin nan, wani likita ɗan Denmark, Hans Christian Gram, ya fito da shi tun 1884 kuma har yau da shi ake aiki. Ka zuba shuɗi-shuɗin kala, ka zuba aidin, ka wanke da alkohol, ka bi da ja. Bakteriya masu kaurin bango, wato rufin da ya kewaye jikinsu, sai su riƙe kalar farko gam, masu siririn bango da ƙarin fata a waje irin su E. coli kuwa wankewa take yi su koma ja-ja. Kuma fa ba ado ba ne, likita na duba wannan kafin ya zaɓi magani, don penisilin bangon yake hana su ginawa, mu kuwa ƙwayoyin jikinmu ba su da bangon, shi ya sa ba ya taɓa su.

Su bakteriya ko nukiliyos, wato ɗan ɗakin da ƙwayoyin jikinmu ke ajiye DNA, ba su da shi, DNA ɗinsu a sake yake a ciki. Ta tarin fuka kuma bangonta maiƙo gare shi, rinin Gram ba ya kama ta sosai, sai an yi mata nata daban.